Abin da Na Sa a Kunun Nkoli

Da bayan cokali na murƙushe ƙwayar a kan faranti, na tattara garin da ɗan yatsa na zuba a kofin kunu. Na ƙara sukari, na juya, na sake juyawa. Ji nake kamar mai sata, kuma in za a faɗi gaskiya satar nake yi. Ta bangon da ya raba ɗakina da nata ina jiyo nishin Nkoli, irin nishin wadda ta cusa bakin zani a baki don kada maƙwabta su ji.

"Iyatu, me kike yi haka?" in ji maigidana, Malam Garzali, daga ƙofar kicin, da buta a hannunsa.

"Kunu nake haɗawa."

"Na ga kunu. Wancan garin fa?"

"Malam, je ka yi alwalarka, an kusa tayar da salla."

Bai tafi ba. Ya dubi farantin, ya dube ni. "Baiwar Allahn nan ta ce ba ta so. Kuma da hankalinta ta faɗa."

"Kai daga masallaci sai majalisa. Ni ce nake wuni a gidan nan ina jin wannan nishin. In kana da tausayin da ya fi nawa, ka shiga ka zauna da ita awa ɗaya."

Ya girgiza kai ya fita. Ni kuwa na ɗauki kofin na nufi ɗakinta.

Sunanta Nkolika. Tun ranar da suka sauke kaya a gidan hayarmu na Gyadi-Gyadi ita da mijinta, shekara talatin da biyu ke nan, na gutsure sunan na bar shi Nkoli, ita ma ba ta hana ba. 'Yan unguwa Maman Chibuike suke ce mata. Ibo ce, 'yar Katolika, mai sayar da manja da agushi da busasshen kifi a kasuwar Tarauni. Mijinta ya rasu shekara tara da suka wuce. A duk zamanmu ba mu taɓa faɗa a kan addini ba. Faɗanmu a kan igiyar shanya ne, da wanda ya bar famfo a buɗe.

Ciwon daji ne ya fara mata a mama, ya bi ya shiga ƙashi. A watan zafin nan likita ya ce a mayar da ita gida, ya rubuta magani mai ƙarfi na rage raɗaɗi. Ni na karɓo mata. Da ta sa tabarau ta karanta sunan da ke jikin kwalin, sai ta ture shi gefe kamar na miƙa mata kunama.

"Tramol ne," ta ce. "Shi nake tsinta a aljihun Chibuike in zan yi masa wanki."

Chibuike shi ne ɗanta tilo. A gidan nan aka haife shi, a bayana ya yi rabin barcinsa na yarinta, tare suka tashi da ɗana Suhaib wanda yanzu yake aiki a Abuja. Gwanin gyaran janareta ne, babu irinsa daga nan har Unguwar Gano. Ƙwaya ta shige shi a hankali, wai don ya jure aiki, har ta kai aikin ma ya gagara. Shekara uku ke nan rabonsa da gidan. Mun dai ji ana cewa yana wajejen Hotoro.

Na ce mata likita ne ya rubuta, magani daban, shaye-shaye daban. Ta ce ta sani, ba wannan ne kawai ba.

"Iyatu, ba ni da ƙafar zuwa nemansa. Bakina ya gaji da magana. Abin da ya rage mini a duniya ciwon nan ne. Na miƙa wa Yesu shi, ya haɗa da nasa na kan gicciye, ya dawo mini da ɗana. In na sha magani, me zan miƙa?"

"Mu ma mun san ciwo kankarar zunubi ne," na ce, "amma an ce a nemi magani. Wane irin taurin kai ne wannan?"

"Naki ya fi nawa," ta ce, har da 'yar dariya.

Mako biyu na jure. Na ga matar da take ɗaukar jarkar manja ita kaɗai ta koma ba ta iya juyawa a kan katifa sai da hawaye. A ranar da nake ba ku labari haƙurina ya ƙare.

Na tallafo kanta na sa mata kofin a baki. Kunun gyaɗa ne da tsamiya, shi kaɗai cikinta yake karɓa, kuma ciwon ya riga ya kashe mata ɗanɗano. Ta shanye tas. Kafin in gama wanke-wanke nishin ya tsaya. Na leƙa na tarar tana barci, baki a buɗe, fuskarta ta saki. Na koma ɗakina na yi hamdala, har ina jin kaina wata gwana.

Akwai abin da ban lissafa da shi ba. Nkoli tana da wata addu'a da ba ta taɓa bari ta wuce ta, ta ƙarfe uku na rana. Addu'ar jinƙai take ce mata. Ko a kasuwa take, uku na yi za ta juya wa mai ciniki baya ta ciro carbinta. A ɗaki kuwa gaban wani hoto take yi, na Yesu da haske biyu suna fitowa daga ƙirjinsa, ja da fari. Ta ce a wannan sa'ar ya cika a kan gicciye, kuma duk abin da aka roƙa a lokacin saboda wahalarsa ba ya faɗuwa ƙasa. Mu ba haka muka yi imani ba, ta sani, na sani. Amma tun da ta kwanta ni nake leƙa agogon bangonta in ce, "Nkoli, ukunki ta yi."

Rana ta farko da ta biyu ta farka kafin lokaci, ta yi addu'arta cikin magagi. Rana ta uku na ƙara mata rabin ƙwaya, don na ga da safe ta sha wuya. Uku ta yi tana barci. Na tsaya a kanta, na ga yadda take numfashi a natse, na kasa tashinta.

Ina sallame la'asar na ji kuka. Ba nishin ciwo ba, kuka sosai, irin wanda ban ji ta yi ba ko ranar da mijinta ya rasu. Na shiga da hijabina a jiki. Tana kallon agogo, biyar saura kwata.

"Ya dawo mini da shi," ta ce.

"Wa? Me aka dawo da shi?"

"Ciwon. Kwana uku ina jin yana janyewa, na yi shiru. Yau ko sa'ar ma bai bar ni na gani ba. Allah ya ƙi karɓa, Iyatu. Na miƙa, ya ture hannuna."

"Haba Nkoli, sauƙi ne fa ya samu. Mutum ya samu sauƙi ya zauna yana kuka?"

"Ba sauƙi ba ne, na san jikina. Kuma na san dalili." Ta kama hannuna. "Ranar da ya sayar da keken ɗinkin babansa, kina kasuwa, ba ki ji abin da na faɗa masa ba. Cewa na yi ya fita, kada ya sake taka gidan nan sai ya ji na mutu. Uwa ta faɗi haka, ta dawo tana roƙon jinƙai? Chineke, Allahna! Kira mini Fada."

Kalma huɗu kawai zan faɗa in sauke mata wannan dutsen, amma tsoro ya hana ni. Na ɗauki wayarta na nemo lambar na miƙa mata, na fita tsakar gida na hau share inda na riga na share.

Washegari da hantsi Fada Matthias ya zo a kan babur, da 'yar jaka rataye a wuya. Limamin cocinsu ne, mutumin kudancin Kaduna, siriri mai furfura, Hausarsa kamar a Fagge aka haife shi. Na tare shi a soro kafin ya shiga.

"Fada, tsaya. Kafin ta faɗa maka zunubinta, bari ka ji nawa."

Ya cire hular kwano ya rataye a hannun babur. Na faɗa masa komai, da cokalin, da farantin, da rabin da na ƙara. Ni Iyatu, 'yar malamai, ga ni a soro ina zayyana wa Fada laifina, mai garuwa yana jira mu ba shi hanya.

"Don Allah ka faɗa mata da dabara," na ce. "Kai za ta saurare ka."

"A'a, Mama. Ba ni na sa ba, ba ni zan faɗa ba."

"Za ta tsine mini."

"Mai yiwuwa. Amma yanzu Allah take zargi da abin da ke kika yi. Za ki bar ta a haka?"

Na ji haushinsa, domin gaskiya ya faɗa. Muka shiga tare. Na durƙusa a bakin katifa na faɗa, ban yi kwana-kwana ba. Na ɗauka za ta yi ihu. Sai ta daɗe tana kallona, sannan ta juya fuska bango.

"Kwana uku," ta ce. "Kin sace mini kwana uku. Ba ki san ko su ne za su dawo mini da ɗana ba."

Fada ya ja kujera ya zauna. Na zaci lallashinta zai yi, sai na ji ya ɗaure murya.

"Maman Chibuike, wa ya ba ki izinin barin magani? Kin tambaye ni?"

"Tsakanina da Yesu ne, Fada."

"Shi ya sa kika ɓoye mini sama da mako biyu? Mama Iyatu ta yi laifi, ta yaudare ki, kuma ta amsa. Amma ke ma kin sassaƙa wa kanki gicciye, kin bar wanda aka ba ki. Ke 'yar kasuwa ce, kin ɗauka shi ma da mudu yake auna jinƙansa, ciwo kaza, ɗa guda. Ba haka yake ba. Ya fi ki son Chibuike tun kafin ki haife shi."

Ba ta juyo ba, shi kuma ya ci gaba.

"Likita ya ce ki sha, ni ma na ce ki sha. Abin da ya rage na ciwo bayan magani, ki miƙa, ya isa. Na biyu kuma, maganar da kika faɗa wa yaron nan, ki janye ta da bakinki, ki aika a kira shi. Ba ciwonki zai je Hotoro ba, mutum ne zai je."

"Fada, wannan ya fi ciwon zafi."

"Na sani. Shi za ki miƙa. Biyayya ke nan."

Daga nan ya ce in ba su wuri, za ta faɗi zunubanta. Na fita na ja ƙofa.

Ta yi biyayya, amma da sharaɗi. Ƙwayar a tafin hannunta zan sa, ta gani da idonta, ta haɗiya da ruwa. Ta rana kuma sai bayan uku. Kwalin ya bar ɗakina ya koma kan teburinta, kusa da hoton. Kuma duk lokacin da na kawo kunu sai ta tsare ni da ido.

"Me kika sa a ciki?"

"Gyaɗa, shinkafa, tsamiya, sukari. Ban sa komai ba."

Sai ta sha. Kullum haka, safe da yamma, kamar karatun allo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta daina kirana Iyatu. Maman Suhaib ta koma ce mini, kamar wata baƙuwa da muka haɗu a gidan biki. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Malam Garzali ne ya je Hotoro. Kwana biyu yana yawo a Adaidaita yana tambaya, har ya same shi a bayan wani gidan bulo. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka shigo tare. Da a titi na gan shi da ban gane shi ba. Mutum mai shekara talatin da ɗaya ya koma kamar sanda, leɓe ya yi baƙi, silifas ɗinsa kowace ƙafa da kalarta.

"Inna, ina wuni," ya ce, ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ya saba tun yana yaro.

Na nuna masa ƙofar. Ya shiga, ya tsaya, sai ya zube a gaban katifa ya kifa kai a kan ƙafafunta. Ta dafa kansa tana magana da Ibo, shi yana amsawa da Hausa, don ita ce ta fi zama a bakinsa.

"Mama, ki yafe mini. Wallahi na daina. Daga yau na daina."

"Ni ce zan ce ka yafe mini," ta ce da Hausa, ina jin don in zama shaida. "Maganar da na faɗa na janye. Gidanka ne, ina raye, ka shigo."

Na dafa masa shinkafa da wake, ya ci kamar wanda ya shekara bai ga abinci ba. Uku ta yi, ta ciro carbi, ya durƙusa a gefenta yana amsa mata, ashe bai manta ba. Fuskar Nkoli a ranar ban taɓa ganin irinta ba. Har ta dube ni ta yi murmushi, na farko tun ranar da na faɗa mata gaskiya.

Amma ni ina bakin ƙofa, kuma na ga abin da ita ba ta gani ba. Bakinsa yana addu'a, idonsa yana kan tebur. Sau uku yana kai ido kan kwalin yana ɗaukewa. Zuciyata ta ce in shiga in ɗauke. Sai na tuna na riga na yi mata sata sau ɗaya a kan maganin nan. In kuma na ɗauke a gabansa, na kira shi ɓarawo ke nan a ranar da uwarsa ta karɓe shi. Na tsaya ina wannan tunanin har suka shafa.

Bayan la'asar ta ɗan rufe ido. Ya fito ya ce zai je ya kwaso kayansa, yanzu zai dawo. Na ce Allah ya kiyaye. Da lokacin magani ya yi na shiga, tebur ga hoto, ga carbi, ga kofin ruwa. Babu kwali.

Na duba ƙarƙashin katifa, na duba bayan tebur, ina sane da cewa wahalar banza nake yi.

"Bar nema," ta ce, ido a rufe. "Na ji lokacin da ya ɗauka."

"Kika yi shiru?"

"In na buɗe ido, kunya ba za ta bar shi ya sake dawowa ba."

Malam ya zaga kemis uku, kowa ya ce irin wannan maganin sai da sabuwar takardar likita, likitanta kuma sai Litinin. Suka ba shi na ciwon kai, wanda bai taɓa ko gefen ciwon ba. Na ce ni na san lungun da ake sayar da shi ba takarda, kowa a unguwar ya sani, zan sa hijabi in je.

"In kika sayo a hannun masu sayar wa ɗana," ta ce, "ba zan sha ba. Wannan karon ko Fada ba zai sa ni ba."

Asabar da Lahadin nan ba na son tuna su. Ga zafi, ga ba wuta. Na jiƙa tawul ina goga mata, ina yi mata fifita da murfin kwali, tana cizon zani har ya yage. Ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Duk motsin da aka yi a soro sai ta buɗe ido, sai ta ga mai garuwa ne ko yaran maƙwabta. Ni kuwa zuciyata tafasa take yi. Na tsani Chibuike, yaron da na goya, tsana irin wadda ban san ina da ita ba. Na tsani kaina da na tsaya a ƙofa kamar gunki.

Ranar Lahadi bayan sun tashi daga coci Fada ya zo da matan zumuntarsu. Ya shafa mata mai a goshi da tafin hannu, ya sa mata ɗan farin burodin nan nasu a harshe. Da ya ga babu magani ya tambaya, na faɗa masa. A soro da zai tafi ya ce, "Ni na ce a kira shi." Na ce, "Ni kuma na ga idonsa na yi shiru." Ya hau babur ɗinsa, babu wanda ya lallashi wani.

Uku ta yi, matan suka yi mata addu'ar, don yatsunta sun daina iya jan carbi. Bayan sun watse na kawo kunu. Ba ta tambayi abin da na sa ba. Cokali biyu ta sha ta kawar da kai.

"Iyatu."

Na ajiye kofin. Kwana goma rabon da in ji sunan nan a bakinta.

"Wancan ciwon ni na zaɓa, shi ya sa nake ta alfahari da shi. Wannan ba ni na zaɓa ba." Ta tsaya ta ja numfashi. "Ban san ko ana karɓa ba. Na daina tambaya. Na dai ce to."

"Yi shiru ki huta."

"Zai dawo. In ya zo, kada ki rufe ƙofa. Ki ba shi abinci."

"Wallahi da taɓarya zan tarbe shi."

"Kin yaudare ni, na yafe miki. Tun ranar na yafe, jan rai ne kawai. Ki yi masa abin da na yi miki."

"Nawa don tausayi na yi. Shi fa?"

"Shi ya fi ki buƙata."

Ta jira in ce na yi alkawari. Ban ce ba. Na gyara mata filo, na ce ta bari sai ta warke mu yi faɗan da kyau. Har yau abin nan yana damuna, mace tana bakin mutuwa ta roƙe ni abu ɗaya, na kasa ce mata to.

Litinin da sassafe Malam ya tafi asibiti bin layi. Wajen goma da rabi ina goga mata tawul a wuya, nishin ya fara nisa da juna. Na riƙe hannunta. Ban san abin da ake faɗa wa Kirista a wannan lokacin ba, sai na sa mata carbinta a tafin hannu na rufe yatsunta a kai, na juya hoton ya fuskance ta. Ta ja numfashi ɗaya, na jira na gaba, bai zo ba. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na shafe mata ido.

Sha biyu saura Malam ya shigo da sabon kwali a leda, yana murna ya samu. Ya ga fuskata, ya tsaya a tsakar gida da ledar a hannu.

Mutanen coci suka zo da mota suka kai ta ɗakin ajiye gawa, kafin danginta su iso daga gabas. Aka bar mini makullin ɗakin.

Talata da safe na dama kunu. Sai da na zuba a kofinta na tuna babu mai sha. Na rufe shi da faranti na ajiye a kicin, na kasa zubarwa.

Bayan azahar ina zaune a ƙofar ɗakina ina tsince shinkafa, na ji an tsaya a soro, ba sallama. Na ɗaga kai. Shi ne, da rigar ranar Juma'a a jikinsa. Ya dubi ƙofar uwarsa, ya ga kwaɗo. Daga yadda ya tsaya na san an riga an faɗa masa a titi.

Ya tako a hankali ya durƙusa nesa da ni. Ya ciro wani abu daga aljihu ya ajiye a kan siminti. Kwalin ne, ya lanƙwashe, ya yi datti.

"Inna, saura huɗu. Na kawo mata."

Taɓaryar tana jingine da turmi, ko tashi ba sai na yi ba, hannu kawai zan miƙa. Na dube ta. Abubuwan da na tanada zan faɗa masa tun ranar Juma'a suna cike da bakina, yagaggen zanin ma na ajiye don in nuna masa. Ban yafe masa ba, kada wani ya ce na yafe.

"Ta sha wuya?" ya ce, kansa a ƙasa.

"Ta sha."

Bai yi kuka ba. Ya dafa siminti da hannu biyu, ya yi kamar zai tashi ya tafi.

"Zauna," na ce.

Na ture tiren shinkafar, na shiga kicin na ɗauko kofin. Kunun ya huce, ya yi kauri, na ƙara ruwan zafi daga filas na juya. Na kawo na miƙa masa. Ya gane kofin, ya tsaya yana kallon cikinsa.

"Gyaɗa, shinkafa, tsamiya, sukari," na ji bakina yana faɗa. "Ban sa komai ba."

Ya ɗago ya dube ni, bai gane ba, ni ma ban yi masa bayani ba. Ya karɓa da hannu biyu, amma hannun sai karkarwa yake yi, kunun yana zuba a kan rigarsa. Na matso na durƙusa, na sa tafina a ƙarƙashin kofin na tallafe masa, ya kai baki.